Majinyatan da Ba Su Magana: Wata Bakwai a Asibitin Dabbobi

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, suna kuma cewa amfanin ilimi aiki da shi. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san akwai rata tsakanin abin da ke rubuce a littafi da abin da hannu zai iya yi. Mutum zai iya haddace yadda ake tuƙa tuwo tun daga ɗora tukunya har zuwa kwashewa, amma ranar da aka miƙa masa muciya, gudaji ne za su gaya masa iyakar iliminsa.

A wannan maƙala ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wata bakwai da na yi ina koyon aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a garinmu Ibadan. Ni ba ɗalibar likitanci ba ce. Hausa nake karanta, da Yarbanci kuma na buɗe baki. To amma abin da na gano a wurin ya shafi kowane mai neman ilimi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi a mujallarmu.

Yadda Na Samu Kaina a Wurin

Mai karatu zai iya tunawa da dogon yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Da na yi wata guda a gida, daga barci sai wanke-wanke sai danna waya, mahaifiyata ta ce zaman ya isa haka. Tana da wata ƙawa likitar dabbobi, mai ɗan asibiti na kanta, wadda ke neman mai taya ta aiki. Babu albashi sai kuɗin mota da abincin rana. Na amince, domin an ce da zaman banza gara aikin kishiya.

Asibitin bai wuce ɗaki huɗu ba: wurin jira, ɗakin duba dabbobi mai teburin ƙarfe a tsakiya, ɗan ƙaramin ɗakin tiyata, sai ɗakin kwanciya a baya inda aka jera keji. Akwai kuma wani keji guda da aka ware can gefe saboda masu cuta mai yaɗuwa. Yawancin masu zuwa karnuka ne, sai kyanwoyi, zomaye da aku. Wani lokaci akan kawo kaji da awaki, domin a ƙasarmu likitan dabbobi ba ya korar abin da aka kawo masa don kawai ba a rubuta sunansa a allon ƙofa ba.

Mu biyar ne. Akwai likitar, wadda muke kira Anti Likita. Akwai wani dattijo da ya fi shekara 20 yana wannan aiki, kowa Oga yake ce masa, bai yi jami'a ba amma hannunsa ya san dabba. Sai ɗalibai biyu 'yan aji biyar a fannin likitancin dabbobi, mace da namiji, waɗanda su ma yajin aikin ya koro. Karatun nasu shekara 6 ne, kuma tun a shekarun 1960 ake koyar da shi a jami'o'in Ibadan da Zariya. Sai ni, wadda ko kwikwiyo ban taɓa ɗauka ba, domin a gidanmu in an ga kare hanya ake sakewa.

Darasin Tsintsiya

Mako biyun farko ban taɓa dabba ba. Tsintsiya da bokiti da safar hannu Oga ya ba ni. Ɗaliban nan biyu ma, duk da manyan littattafansu, bai raga musu ba. Kowace safiya sai mun wanke keji da sabulu, mun ɗauraye, sannan mu zuba ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, mu bar shi ya yi minti 10 kafin mu sake ɗaurayewa. Duk dabbar da ta sauka daga teburi, sai an goge shi kafin wata ta hau.

Anti Likita ce ta bayyana mini dalili. Akwai wata cuta da ake kira fabo, wadda aka fara ganinta a jikin karnuka a 1978, ta kuma zaga duniya cikin ɗan lokaci. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, tana fita ta kashin karen da ya kamu, kuma tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Takan bi takalmi da hannu da kwanon abinci. Saboda haka mai shara a asibitin dabbobi ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Idan ya yi ha'inci, kwikwiyon da aka kawo lafiyarsa ƙalau don rigakafi zai koma gida da ajalinsa.

Aiki na biyu da aka ɗora mini shi ne tsaron firiji. Alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In suka yi zafi, ƙarfinsu ya tafi, kuma ido ba zai gane ba, domin kwalbar tana nan yadda take. Da zarar an ɗauke wuta, ni ce mai gudu in kwashe su cikin kula mai ƙanƙara kafin a tayar da janareta.

Kama Dabba Ma Ilimi Ne

A mako na uku Oga ya fara koya mini kamu. Ya ce kada in taɓa tunkarar baƙon kare gaba da gaba ina kallon ƙwayar idonsa, domin a wurinsa wannan neman faɗa ne. Ta gefe ake zuwa, a hankali, ana magana ƙasa-ƙasa. Ya nuna mini yadda ake karanta jiki: in kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, farin ido ya fito, to tsoro ya cika shi, kuma kare matsoraci ya fi mafaɗaci saurin cizo. Ya koya mini ɗaura takunkumi da bandeji: a zagaya baki, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure. Kyanwa kuwa tawul ake naɗe ta da shi, a bar kai kawai a waje, domin makamanta biyar ne, baki da ƙafa huɗu.

Ranar da na fara riƙe kare don a sa masa ƙarin ruwa, hannuna sai rawa yake. Aikina shi ne in rungumo wuyansa da hannu ɗaya, in miƙe ƙafarsa ta gaba da ɗayan, in danna babban yatsana a kusa da gwiwa don jijiyar jini ta taso. Oga ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, “'Yata, saki numfashinki. Yana jin bugun zuciyarki a jikinsa. In kin natsu, zai natsu.” Na sauke ajiyar zuciya, sai na ji jikin karen ya saki. Wannan abu babu littafin da zai sa mutum ya ji shi.

Ɗaliban nan biyu sun san sunan kowace jijiya da kowane ƙashi, kuma na ƙaru da su matuƙa. Amma samun jijiya a ƙafar kwikwiyon da ruwan jikinsa ya ƙare, wadda ta yi siriri kamar zare, sai da suka yi makonni suna gwadawa a gaban Oga. Shi kuma Oga in aka tambaye shi dalilin da ya sa ake ba da wani magani ba wani ba, sai ya nuna ɗaliban ya ce a tambayi masu littafi. Anti Likita ce ta haɗa biyun, shi ya sa ita ce likita.

Yadda Ake Tambayar Wanda Ba Ya Magana

Likitan mutane yakan ce, “Ina ke maka ciwo?” a ba shi amsa. Likitan dabbobi ba shi da wannan gata. Jikin dabbar zai tambaya, kuma ga wasu daga cikin tambayoyin da na koya.

Na farko zafin jiki, wanda ake aunawa ta dubura. Zafin lafiyayyen kare ko kyanwa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya, wato abin da a jikin mutum za a kira zazzaɓi. Na kaza ma ya fi haka, yakan kai 41. Na biyu dasashi. Akan ɗaga leɓe a duba: in ja-ja ne mai sheƙi, jini na nan, in ya yi fari, jini ya yi ƙasa, in ya yi ɗorawa, a binciki hanta ko fashewar ƙwayoyin jini. Akan danna shi da yatsa a saki, ya kamata launinsa ya dawo kafin daƙiƙa 2. Na uku fata. Akan tsunkuli fatar bayan wuya a ɗaga a saki. In ta koma nan take, da sauƙi, in ta tsaya kamar tanti, ruwan jiki ya ƙare.

Mafi yawan karnukan da na ga dasashinsu ya yi fari, kaska ce sanadi. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana zuba wasu ƙwayoyin cuta da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini suna fasa su, kusan yadda sauro ke yi wa mutum da maleriya. Ɗaliba macen ce ta fara nuna mini su. Ta ɗiga jini a kan gilashi, ta shafe, ta rina, ta sa a madubin likita, ta ce in leƙa. Na ga wasu 'yan abubuwa bibbiyu zaune cikin ƙwayar jini. Na daɗe ina kallo, ina mamakin yadda abin da ido ba ya gani yake kayar da ƙaton kare.

Da damina kuma sai ga 'yan kwikwiyo da ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a cikin yashin da fitsari ya taɓa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fata ta zauna tana girma. Akan shafa basilin a toshe mata hanyar numfashi, sannan a matse ta fito. Wannan ne aiki na farko da aka bar ni na yi da hannuna tun daga farko har ƙarshe.

Amma duk wannan rabin bincike ne. Ɗaya rabin yana bakin mai dabba. Yaushe ya fara? Me ya ci? An yi masa rigakafi? Me kuka ba shi kafin ku kawo shi? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mutane ba su son amsawa. An taɓa kawo wata kyanwa fuskarta a kumbure, dasashinta ya yi duhu, tana haki. Sai da Anti Likita ta yi ta lallashi kafin mai ita ta ce ta ba ta ƙwayar farasitamol saboda ta ga jikinta da zafi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya guda tana iya kashe ta, kuma wannan ba ta kai gari ba. Matar don ƙauna ta yi. Tun daga ranar na lura likitar ba ta taɓa yi wa mai dabba tsawa, domin wanda aka yi wa tsawa gobe ƙarya zai yi, kuma dabbar ce za ta biya.

Baba Mai Gadi

A manyan gidaje da yawa na garinmu, mai kare daban, mai kula da shi daban. Maigida ne ya saya, amma mai gadi ne ke ba shi abinci, yana kwana da shi a bakin ƙofa, kuma masu gadin da dama Hausawa ne. Saboda haka wanda ya fi kowa sanin halin karen, sau da yawa shi ne wanda likita ba ta jin harshensa.

Wata safiya a watan Yuni wani dattijo ya shigo da kwali a hannu, a ciki 'yan kwikwiyo biyu na irin karnukan nan na Jamus, ba su wuce wata uku ba, sun yi laushi. Anti Likita ta yi masa Turanci, ta yi masa Yarbanci, amsarsa ba ta wuce “ba lafiya” da nuna ciki ba. Sai na ajiye bokiti na matso na rusuna na ce, “Baba, ina kwana? Sannu da zuwa.” Ya ɗago da sauri ya dube ni ya ce, “Ikon Allah! 'Yata, kina jin Hausa?” Na ce, “Ina taɓawa, Baba.”

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce shi mutumin wajen Maraɗi ne. Maigidansa ya yi tafiya ƙasar waje ya bar masa amanar karnukan. Shekaranjiya ƙaramin ya ƙi cin abinci, jiya ya fara amai, cikin dare kuma zawo ya ɓarke, da jini a ciki, mai wani irin ƙarni da bai taɓa jin kamarsa ba. Babban kuwa yau da asuba ya fara. Na tambaye shi maganar rigakafi, ya ce wanda ya sayar da su ya ce an yi, amma babu kati. Na tambaye shi ko wani kare ya shigo gidan, ya ce a'a, sai dai makon jiya ya fita da su shan iska a layi. Ina fassarawa, likita tana gyaɗa kai. Kafin a yi gwajin kashi ta riga ta san fabo ce, gwajin kuma ya tabbatar.

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta kai tsaye. Tana cinye bangon hanji, amai da zawo su ƙarar da ruwan jiki. Abin da likita ke yi shi ne ta riƙe ran dabbar da ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai da na hana wasu ƙwayoyin cuta shiga jini, har jiki ya yi nasa yaƙin. Na gaya wa Baba haka, na kuma gaya masa kuɗin da za a kashe. Ya yi shiru. Can ya ce, “'Yata, kuɗin ɗaya daga cikin karnukan nan ya fi albashina na wata da watanni. In suka mutu, me zan ce wa maigida? Shekara 9 ina gidan nan, da aikin nake ciyar da mutum takwas a gida.”

Na juya wa Anti Likita maganar yadda ya faɗe ta, ban rage ba. Ta karɓi lambar maigidan ta kira shi da kanta. Ta gaya masa cutar ba daga abinci ba ce, ba kuma daga sakacin mai gadi ba. Rashin cikakken rigakafi ne, kuma da dattijon bai kawo su da wuri ba, da babu wanda za a ceta. Maigidan ya turo kuɗi.

Ƙaramin ya mutu a dare na biyu. Da safe ni na tarar da shi, ni kuma na gaya wa Baba. Ya ce, “Allah ya sa iyakar wahalarsa ke nan,” ya nemi wuri ya zauna. Kullum da rana, lokacin da ya kamata ya yi barci bayan gadin dare, sai ya zo ya zauna nesa da kejin yana yi wa babban magana. Ya ce mini shi bai tashi da son kare ba, har yanzu ma yana da tufafin da ya ware don aikinsu, amma abin da kake ciyarwa da hannunka, haƙƙinsa na wuyanka. A rana ta biyar na miƙa wa kwikwiyon ɗan dafaffen naman kaza, ya shinshina, ya lasa, ya cinye. Oga ya ce, “Shi ke nan, wannan ya haye.” Ranar sallama Baba ya kawo mini ƙullin goro da dabino. Bai rasa aikinsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin. Rigakafin fabo akan fara shi ne kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kuɗinsa duka bai kama ƙafar abin da aka kashe a kwana biyar ɗin nan ba. Lallai rigakafi ya fi magani.

Cizon Kare

Labarin cewa akwai mai jin Hausa a asibitin ya bazu. Wata rana a watan Agusta sai ga wani saurayi ɗan garuwa, ƙwaurinsa ɗaure da tsumma. Ya ce, “Malama, an ce nan ne asibitin karnuka. Kare ya cije ni da safe, ku ba ni magani.” Na tambaye shi karen waye. Ya ce bai san shi ba, haka kawai ya fito daga lungu yana dalalar da miyau, ya cije shi ya wuce, bai ko yi haushi ba.

Ina gama fassarawa Anti Likita ta ajiye abin da ke hannunta. Ta sa aka kai shi bakin famfo, aka kwance tsumman, aka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ni ke riƙe da agogo. Sannan ta ce in gaya masa, kalma bayan kalma, cewa nan ba a yi wa mutum magani, amma lallai ya tafi asibitin mutane yau ɗin nan a fara yi masa allurar ciwon haukan kare.

Saurayin ya yi dariya ya ce ciwon bai kai ya kawo ba, ya sha jin raunin da ya fi wannan. A nan ne na san nauyin zama tafinta. Na ce, “Malam, ba girman ciwon ake dubawa ba. Cutar tana cikin miyau. Tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan wata ɗaya, wani lokaci bayan wata uku. Kafin ta kai, allura na tare ta. In ta kai, mutum ya fara tsoron ruwa, to babu likitan da zai iya komai. Da an san mai karen, da an tsare shi kwana 10 a ga ko lafiyarsa lau. Tunda ba a san shi ba, ba a caca da rai.” Dariyar ta ɗauke. Ya ce kuɗin fa? Alluran ba ɗaya ba ne, ana yin su a ranaku daban-daban, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tura kurar ruwa. 'Yan'uwansa masu garuwa ne suka yi karo-karo, likita ma ta sa nata. Na rubuta masa ranakun a takarda, na karɓi lambarsa, duk ranar allura ina kiran sa. Ya kammala su duka.

Daga baya na karanta a kan cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Abin takaici, maganin abin ya daɗe a duniya. Tun a 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurar da ya haɗa, shi ya sa aka ware 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa, don tunawa da yaƙi da cutar. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, ta daɗe tana haɗa alluran rigakafin dabbobi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ashe allurar da nake riƙe kare ana yi masa kullum, ba karen kaɗai take karewa ba, har da yaran unguwa.

Akuyar Gwaggo

Na ƙarshe da zan ambata wata akuya ce da wani yaro ya jawo daga Sabo, unguwar Hausawan Ibadan. Ta wata tsohuwa ce da yake kira Gwaggo. Akuyar ta rame, ta daina tuƙa, amma cikinta a kumbure. Likita ta danna gefen hagu, inda tumbi yake, ta ce in taɓa. Na ji abu mai tauri kamar an cusa tsummoki. Leda ce. Dabbar da ke yawo a bola takan haɗiye leda saboda ɗanɗanon abincin da ke jikinta, ita kuwa ba ta narkewa, sai ta taru ta cika wurin da ciyawa za ta zauna. Aka yi mata tiyata, ina riƙe da fitila, aka yi ta zaro leda da igiya har suka kusa cika bokiti. Likita ta ce in gaya wa yaron kada a sha nononta, kada kuma a yanka ta, sai kwanakin da ta rubuta sun cika, domin maganin da aka yi mata yana daɗewa a jiki. Yaron ya ce ai Gwaggo ba za ta yanka ta ba, ita ce bankinta, da 'ya'yanta take biya masa kuɗin makaranta.

Kammalawa

A watan Oktoba aka janye yajin aiki na koma makaranta. Ban zama likita ba, kuma doka ba ta ba ni ikon rubuta wa ko ɗan tsako magani ba. Wannan aikin waɗanda suka yi karatunsa ne suka kuma yi rajista. Abin da na samu shi ne sanin cewa ilimi ƙafa uku gare shi kamar murhu: abin da littafi ya faɗa, abin da hannu ya saba, da abin da kunne ya saurara. In ɗaya ya gurgunce, tukunya ba za ta zauna ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda uku ce. Ta farko, duk hutun da ya samu, mu nemi wurin da ake aiki da hannu mu ce a koya mana, ko da da tsintsiya za a fara. Ta biyu, kada mu raina harshen da muke karanta. A asibitoci da kasuwanni da kotunan wannan yanki namu akwai mutane da yawa da ke da magana a baki, ba su da wanda zai ji. Ta uku, wadda ta fi kowace gaggawa: in akwai kare ko kyanwa a gidanku, a kai su rigakafi a karɓi kati, kada a ba dabba maganin mutum, in kuma kare ya ciji wani, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma ba mu ikon aiki da shi.